Kada a Raba Tsohon Shuɗin Dutse da Takardarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani fanni da ba kasafai ake taɓo shi a rubuce da Hausa ba, wato tara tsofaffin samfuran ma'adinai masu launin shuɗi da yadda ake gane darajarsu. Na daɗe ina wannan sha'awa, kuma sau da yawa idan wani ya ji labari sai ya kawo mini dutse a ƙunshe cikin tsumma, ko ya turo mini hotonsa ta waya, tambayarsa guda ɗaya ce, nawa zai yi? Ni kuma abin da nake fara tambaya shi ne, ina takardar da ta zo tare da shi? Mafi yawan lokaci sai a amsa mini da cewa ai takardar ta tsufa, ta yi ja, kwari sun ci gefenta, an zubar. Duk sa'ad da na ji wannan amsa raina yakan ɓaci ƙwarai, domin mai maganar bai san cewa da hannunsa ya zubar da babban kaso na abin da ya zo tambaya a kai ba.

Ya kamata in fara bambanta abubuwa biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai dutsen ado, wanda ake yankawa a goge a ɗora a kan zobe ko sarƙa, ana auna shi da karat, ana duba tsabtar cikinsa. Akwai kuma samfurin ma'adini, wanda ake ajiyewa kamar yadda Allah ya halicce shi a cikin ƙasa, da fuskokinsa da kusurwoyinsa waɗanda babu hannun ɗan Adam a cikinsu, sau da yawa yana zaune a kan guntun dutsen da ya tsiro a jikinsa. Wannan siffa mai fuskoki ita ake kira kiristal. Mai tara samfuri yana neman kiristal da bai ɓantare ba, mai sheƙi, mai kyan zama a kan uwar dutsensa, wanda aka san ramin da ya fito. Idan aka ce samfuri tsoho ne, ba shekarunsa a cikin ƙasa ake nufi ba, tunda kowane dutse ya yi shekaru aru-aru kafin a haƙo shi. Ana nufin ya daɗe a hannun mutane, ya fito daga mahaƙar da aka rufe ko daga kogon da aka kwashe tuntuni, ya bi ta hannun masu tarawa ɗaya bayan ɗaya.

A gabana yanzu da nake wannan rubutu akwai wani samfurin azurait, wato shuɗin ma'adini na jan ƙarfe, da bai kai girman ƙwan kaza ba. Shuɗinsa ya yi duhu har idan yana cikin inuwa sai a ɗauka baƙi ne, amma da an karkata shi wajen taga sai gefen kiristal ɗin ya kama da wani shuɗi mai zurfi kamar garwashi na ci a cikinsa. A gindinsa akwai wata 'yar takarda da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, an manna ta, an rubuta lamba da tawada. A cikin kwalinsa akwai takardu uku, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa rubutun hannu ce da Faransanci, tawadar ta koma ruwan ƙasa, ta ambaci Chessy. Ta tsakiya bugun inji ce ta wani dillali, da Jamusanci. Ta sama ta wanda ya riƙe shi kafin ni ce, ya sake rubuta lambar nan da ke gindin dutsen, ya ƙara da shekarar da ya same shi. Dacewar lambar da ke jikin dutsen da wadda ke kan takarda ita ce igiyar da ta ɗaure su. Idan aka ɗauke takardun nan uku aka miƙa wa masani dutsen tsirara, zai iya cewa ya yi kama da na Chessy, amma kama da wane ba ta wane.

Chessy ƙauye ne kusa da birnin Liyon a Faransa. A 1811 masu haƙar jan ƙarfe suka faɗa wa wata jijiya da ta cika da wannan ma'adini har suka sa wa wurin suna Shuɗiyar Mahaƙa, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya samfuranta suka bazu a gidajen tarihi na Turai, har ma'adinin ya daɗe ana kiransa da sunan ƙauyen. Sunan azurait kuwa masanin nan na Faransa, Beudant, shi ya tsayar da shi a 1824. Jijiyar ta ƙare tun kafin tsakiyar ƙarni na 19, saboda haka duk wani samfurin kirki na wurin da ke yawo a duniya yau, wani ne ya ɗauke shi kusan shekara 200 da suka wuce, kuma ba za a ƙara samun sabo irinsa ba. Haka labarin yake a Bisbee ta jihar Arizona a Amurka, inda aka fara haƙa gadan-gadan a 1880 aka daina a 1975, da kuma Tsumeb ta Namibiya, wadda raminta ya zarce zurfin mita 1,600 kafin a rufe ta a 1996 ruwa ya cika ta. Tsumeb ta fitar da azurait da masana da yawa suka daɗe suna ɗauka babu kamarsa, wasu kiristal ɗin ma rabinsu ya rikiɗe ya zama koren malakait alhali siffar azurait na nan daram, abin da ke faruwa a hankali cikin ƙasa tunda ma'adinan biyu 'yan uwan juna ne, dukansu daga jan ƙarfe.

To, sai ga mahaƙar Milpillas a jihar Sonora ta Meziko, wadda ta fara aiki a 2006, ta shiga fitar da azurait mai sheƙi irin wanda ba a saba gani ba. Na ji masu cewa daga ranar nan tsofaffin samfuran Chessy da Bisbee sun gama yayi. A ganina waɗannan sun yi wa al'amarin gurguwar fahimta. Gaskiya ne cewa idan aka jera su a kan teburi, idon baƙo zai fara sauka a kan na Milpillas. Amma samfurin Chessy mai takardarsa shaida ne na lokacin da ilimin ma'adinai yake tatata, lokacin da masana suke auna kusurwoyin kiristal da hannu suna ƙoƙarin gane dokar da ke tafiyar da siffofinsa, kuma wannan matsayi babu sabon rami da zai ƙwace masa. Abin da sabon rami ke karya wa daraja shi ne tsohon samfuri mara kyau kuma mara tarihi, wanda dā ƙarancin irinsa kawai ke ɗauke da shi.

Misalin kabansait ya isa darasi a nan. An fara gano wannan ma'adini a jihar Oregon ta Amurka a shekarun 1960, 'yan ƙananan ƙwayoyi ne da sai an sa gilashin ƙara girma ake more kallonsu, kuma ana lissafa shi cikin ma'adinai masu wuyar samu. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 sai wuraren fasa dutse na Wagholi, kusa da birnin Pune a Indiya, suka fara fitar da shi dunƙule-dunƙule, shuɗi shar a kan farar uwar dutse, da yawan da ya sa kowane ɗan koyo zai iya mallakar nasa. Wanda ya dogara ga ƙaranci kaɗai ya ga yadda ƙaranci ke gushewa dare ɗaya. Duk da haka ɗan ƙaramin samfurin Oregon mai ingantacciyar takarda bai rasa masu nemansa ba, domin daga can aka fara bayyana ma'adinin, kuma masana na ba wurin da aka fara gano kowane ma'adini wata daraja ta musamman. A ɗaya gefen kuma akwai lirokonait, mai shuɗin sararin samaniya, wanda mafi kyawunsa ya fito daga mahaƙar Wheal Gorland ta yankin Cornwall a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, kuma har yau ba a sami wani wuri a duniya da ya fitar da kamarsa ba. Philip Rashleigh, wanda ya rasu a 1811, ya tara mafi shahara daga cikinsu, kuma babban kaso na tarinsa na nan a gidan tarihi na birnin Truro.

Malam Edita, dalilin da ya sa na keɓe shuɗi da magana shi ne, launi ne mai jan ido wanda kuma ya fi saurin jefa mai saye cikin kuskure. Hanyoyin da dutse ke zama shuɗi suna da yawa. A azurait jan ƙarfen da aka gina ma'adinin da shi ne ke ba da launin, shi ya sa ko an daka shi garinsa shuɗi ne. A lapis lazuli, wanda Larabawa ke kira lazaward, ƙwayoyin farar wuta ne da suka maƙale a cikin ginin ma'adinin. A shuɗin yakutu ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe da titaniyam ne, a tanzanait banadiyam, a shuɗin daimon kuwa boron, kamar sanannen nan mai suna Hope da Harry Winston ya ba gidan tarihi na Smithsonian a Washinton a 1958. Tunda wani lokaci ɗan abu kaɗan ne ke haifar da launin, ɗan Adam ya koyi yadda zai sa hannu. Kusan duk shuɗin tofaz mai kauri da ke kasuwa fari ne aka haska masa tururin nukiliya sannan aka gasa. Tanzanait, wanda aka gano a tsaunukan Merelani kusa da Arusha a Tanzaniya a 1967, galibinsa yana fitowa da ruwan ƙasa-ƙasa a jikinsa, sai an gasa shi sannan shuɗin ya fito sarai. A harkar kayan ado an yarda da wannan gashi, amma mai tara samfuri yana son ya sani, kuma kiristal da aka tabbatar wuta ba ta taɓa shi ba yana da nasa matsayi. Ana rina farin haulait a sayar da shi da sunan fairuz, wani shuɗin dutsen ado, ana kuma shafa wa farin ƙarau tururin zinariya ya yi wani shuɗi mai walƙiya da babu irinsa a cikin ƙasa.

Ni kaina an taɓa cuta ta a farkon shigata wannan fanni, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba. Wani dillali ya nuna mini wani kiristal babba, shuɗi garau kamar gilashi, a zaune a kan guntun dutse, ya ce daga tarin wani dattijo ya fito, takardar ce kawai ta ɓata. Na saya da murna. Da na ga ƙura a lungunansa sai na tara ruwa a kwano na tsoma shi, kafin in ɗauko buroshi ruwan ya fara komawa shuɗi, kusurwoyin nan masu kaifi suka dakushe a kan idona. Kalkantait ne, gishirin jan ƙarfe mai narkewa a ruwa, mai guba kuma idan ya shiga ciki. Akwai na asali a busassun wurare irin hamadar Chile, amma manyan nan masu cikakkiyar siffa mafi yawansu a cikin bokiti ake shuka su, a jefa guntun dutse a cikin ruwan sinadarin a bar kiristal ya tsiro a kansa cikin 'yan kwanaki. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma abin da ya buɗe ƙofar cutar shi ne na yarda da kalmar nan ta cewa takarda ta ɓata.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa duk takardar da ta yi ja gaskiya take faɗa. Akwai labarin Arthur Kingsbury, wani Bature ɗan Ingila da ya rasu a 1968, wanda a zamaninsa ake girmama shi saboda yawan ma'adinan da ya ce ya gano a wuraren da ba a taɓa sanin akwai su ba a Birtaniya. Tarinsa ya shiga gidan tarihin halittu na Landan, sunayen wuraren da ya bayar suka shiga littattafan ilimi. Kusan shekara 30 bayan rasuwarsa masu bincike suka zauna suka gwada samfuransa da wasu, sai ta bayyana cewa da yawa daga cikinsu daga ƙasashen waje suke ko daga tsofaffin tarin wasu, shi ne ya sauya musu asali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen wannan ramin an yi shekaru ana gina ilimi a kan tubalin toka, kuma gyaran bai zo da sauƙi ba. Idan masana na gidajen tarihi za su shiga irin wannan, to ɗan koyo sai ya ninka hattara. Akwai masu sayen tsofaffin takardu su kaɗai su haɗa su da sababbin duwatsu. Shi ya sa nake duba ko lambar jikin dutse ta dace da ta takarda, ko bayanin da aka rubuta ya dace da abin da ido ke gani, ko uwar dutsen irin ta wurin da aka ambata ce, ko kuma sunan ƙasar da aka rubuta ya dace da zamanin da ake da'awa. Takardar da ta ce an rubuta ta a 1920 amma ta kira ƙasar Tsumeb da suna Namibiya ta tona wa kanta asiri, tunda a lokacin Kudu maso Yammacin Afirka ake kiranta.

Abin da ke taimakawa shi ne an san takardun manyan dillalai da manyan masu tarawa, an adana misalansu, ana iya gwadawa. Gidan Krantz na Jamus, wanda aka kafa a 1833 ya kuma zauna a birnin Bonn daga 1850, da gidan Foote na Filadelfiya a Amurka, sun sauya fasalin takardunsu da adireshinsu sau da dama, har masana kan kimanta shekarun samfuri daga adireshin da aka buga a takardarsa. Washington Roebling, injiniyan da ya kammala gadar Brooklyn, ya tara samfura kusan 16,000 waɗanda ɗansa ya miƙa wa Smithsonian bayan rasuwarsa a 1926. Sir Arthur Russell ya bar wa gidan tarihin halittu na Landan tarinsa na ma'adinan Birtaniya sama da 12,000 a 1964, kuma abin da ake yaba masa da shi, bayan kyan samfuran, shi ne tsantsenin da ya yi wajen rubuta asalin kowanne da hannunsa, har da adana takardun waɗanda suka riga shi. Gidajen tarihi sukan yi musaya, wani lokaci ma su sayar, kamar yadda cibiyar kimiyyar halittu ta Filadelfiya ta sayar da babban kaso na ma'adinanta a 2006, shi ya sa samfuri mai takardar irin waɗannan wurare yakan faɗo hannun ɗaiɗaikun mutane ta halattacciyar hanya, kuma rajistar da aka rubuta lambarsa a ciki ita ce mafi ƙarfin shaidarsa.

Bayan asali sai lafiyar samfurin. Azurait ba shi da tauri, a ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 bai wuce 4 cikin 10 ba, saboda haka wuƙa na iya karce shi, kuma tsohon samfurin da ya yi shekara ɗari yana gogayya da 'yan uwansa a cikin aljihun tebur da wuya a same shi babu tabo. Masu tarawa na zamani suna da tsananin ƙyamar ɓantarewa, musamman a kan tsinin babban kiristal, kuma ɓalli ɗaya a wurin na iya zubar da darajar samfuri ƙasa warwas. Ni dai ina ganin a yi wa tsofaffi sassauci, domin mahaƙin ƙarni na 19 da guduma da kurfi ya ciro su a hasken kyandir, ya sa a aljihu ko a cikin hularsa. Gyara ba laifi ba ne idan an faɗa. Kiristal da ya ɓalle aka mai da shi mazauninsa da gam abu ne da aka saba, muddin an rubuta a takarda. Ha'inci shi ne a ɗauko kiristal daga wani wuri a dasa a kan dutsen da ba nasa ba, a rufe bakin da garin dutse. Gilashin da ke ƙara girma sau goma da fitilar ultrabayolet sukan fallasa wannan, domin gam iri-iri na haskawa a ƙarƙashinta, kuma ɗan auduga da aka jiƙa da asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, yakan ɗebo rini daga jikin dutsen da aka rina.

Ajiya ma tana cikin daraja, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Mutum ya sami shuɗin dutse sai ya ɗora shi a bakin taga don kowa ya gani. Selestin irin na Madagaska da wasu nau'o'in fulorait suna koɗewa a rana. Wani shuɗin beril da aka samo a mahaƙar Maxixe ta Birazil a 1917 ya ba dillalan lokacin kunya, domin launinsa mai zurfi ya riƙa gushewa da ya sha haske. Bibiyanait kuma akasin haka yake yi, yana fitowa daga ƙasa kusan babu launi ko da ɗan kore-kore, haske ya mai da shi shuɗi, ya ci gaba da duhu har ya koma baƙi ya fara tsagewa, kuma babu hanyar dawo da shi. Asid yana cinye azurait, zafi yana baƙanta shi. Shafa mai don a ƙara sheƙi yana tara ƙura yana kuma ɓoye aibi. Tsohon samfuri ba ya son komai sai kwali mai rufi, wuri busasshe mara zafi, da buroshi mai laushi sa'i da lokaci. Takardar kuwa kada a manna mata salatif, kada a lulluɓe ta da roba mai zafi, kada a bi tsohon rubutu da biro don ya fito. Idan akwai gyara ko ƙarin bayani, a rubuta sabuwar takarda a ɗora a kan tsohuwar.

Akwai wata ɓarnar da ta fi waɗannan ciwo a wurina, ita ce yanka kyakkyawan kiristal don a fitar da dutsen zobe. Benitoyit, wanda aka gano a gundumar San Benito ta Kalifoniya a 1907, wanda kuma jihar ta ɗauka a matsayin dutsenta na alfahari a 1985, yana da wata siffa mai kusurwa uku wadda masana lissafin kiristal suka yi hasashen za ta yiwu tun kafin a gan ta a zahiri a jikinsa. Wuri ɗaya tak ya fitar da masu kyansa. Duk wanda aka yanka, siffar nan ta tafi har abada, abin da ya rage ɗan shuɗin dutse ne da sai an kai ɗakin gwaji za a bambanta shi da wasu. Lapis lazuli ya sha irin wannan tun fil azal. Fiye da shekara 6,000 ana haƙo shi a Sar-e-Sang cikin lardin Badakshan na Afganistan, an yi wa fuskar zinariyar Tutankhamun ado da shi, an kuma yi ƙarnuka ana niƙa shi a Turai don yin fenti mafi tsada, har zuwa 1828 da aka ba Jean-Baptiste Guimet lambar yabo a Faransa saboda haɗa irin launin a masana'anta. Cikakken kiristal na lazurait, wato shuɗin ma'adinin da ke cikin lapis lazuli, a kan farin marmara abu ne da ya tsira daga turmi da zarto, ya cancanci a bar shi yadda yake. A kan wannan dutse ma takarda na da wani amfani na daban, domin a 2016 ƙungiyar Global Witness ta fitar da rahoton da ya nuna yadda kuɗin haƙarsa ke shiga hannun masu ɗauke da makamai, kuma mai son ya san abin da kuɗinsa ya tallafa wa ba shi da madogara sai shaidar lokacin da samfurin ya bar ƙasar.

Game da tambayar nan ta nawa zai yi, amsar gaskiya ita ce samfuri ba shi da farashin kilo ko na karat. Ana kimanta shi ne ta hanyar gwada shi da makamantansa da aka riga aka sayar, masu girma ɗaya, daga rami ɗaya, masu lafiya iri ɗaya, kuma abin lura shi ne kuɗin da aka biya a zahiri a gwanjo ko a hannun dillali, domin abin da mai kaya ya sa wa kayansa buri ne kawai. Girma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, ɗan ƙaramin da zai shiga akwatin santimita 3 yana iya fin wanda sai an sa hannu biyu an ɗauka. Ido kuwa ba ya gogewa sai da yawan kallo. Baje kolin Tucson a Arizona, wanda aka fara a 1955, da na Munich a Jamus, su ne manyan wuraren haɗuwar masu wannan harka, wanda kuma bai sami zuwa ba yana iya duba dubban hotuna a rumbun Mindat a intanet, rami bayan rami, har ya fara gane azurait ɗin Bisbee daga na Tsumeb. Ba na ba kowa shawarar ya shiga wannan fanni don neman riba, domin dillali ba ya sayen kaya a kan kuɗin da ya sayar, kuma mai gaggawar sayarwa kullum shi ke faɗuwa. Wanda zai kimanta maka samfuri kuma kada ya zama shi ne mai son saye.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta riƙa ba ilimin ma'adinai fili, ta gayyato malaman ilimin ƙasa su yi bayani da Hausa, domin a samu tsayayyun sunaye da kalmomin da kowa zai gane. Roƙona ga masu tarawa kuma, su buɗe rajista tun yau, su ba kowane samfuri lamba, su rubuta ramin da ya fito da gunduma da ƙasa, da wanda aka karɓa daga hannunsa da shekarar, su ɗauki hoton dutsen tare da takardunsa, su kuma sanar da iyalinsu inda rajistar take. Wanda kuma ya gaji akwatin duwatsu daga mahaifi ko kaka, ina roƙonsa kada ya wanke, kada ya juye su wuri guda, kada ya fitar da ko ɗaya daga kwalinsa, ya bar kowace 'yar takarda a inda ya same ta har sai wanda ya san abin ya duba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karatu kuma mai tara ma'adinai.